Kada a Sayar wa 'Yan Gwangwan da Injinmu



Mun ji ana shawarar a haɗa tsohon injin feƙe katako da ke ɗakin koyon sana'a da karyayyun kujeru a sayar wa 'yan gwangwan. Mu dai ba mu goyi bayan wannan ba, kuma muna roƙon hukumar makaranta ta dakata ta saurare mu.

Injin nan bai mutu ba. Idan an kunna yana tashi. Matsalarsa ɗaya ce: makunnin da ake murɗawa a rage gudu ko a ƙara ya daina aiki, da an sa masa wuta sai ya zabura da ƙarshen gudunsa. Malamin sana'a ya yi daidai da ya hana taɓa shi. Ga lissafi ga 'yan ajin kimiyya: katakon akushi mai faɗin santimita 30, idan yana juyawa sau 1,400 a minti ɗaya, gefensa na gudun kusan kilomita 80 a awa. Ya kufce ya sami mutum a fuska, sai dai wani ba shi ba. Shi ya sa ake fara babban katako a hankali, sai ya daidaita a ƙara gudu. Sirara irin ƙafar kujera ko ƙotar cizal su ne ke son sauri.

To amma ciwon da ya hana shi aiki ƙarami ne. Makunnin nan ɗan uwan na ƙara sautin rediyo ne, kuma kowa ya san yadda ƙura ke sa na rediyo ƙarar-ƙarar. Balle wanda ya shekara da shekaru yana shan garin katako da ƙurar hunturu. In ba shi ba ne, to wataƙila wani ɗan ƙaramin abu ne ya ƙone a allon da ke tsakanin makunnin da moto, abin da wutarmu mai hawa da sauka ta saba jawowa. Sai kuma a duba kabon ɗin moto ko ya cinye, a duba boris da bel. Duk cikinsu babu wanda ya kai kuɗin sabon inji ko kusa. Ko da allon ya ƙi gyaruwa, akwai dabarar da ta girmi allon: moto mai gudu ɗaya da fuli mai hawa-hawa, a riƙa matsar da bel da hannu. Fulin sama ya ninka na moto girma, gudu ya ragu da rabi.

Wani abokinmu ya ce a ɗaura masa regiletar fanka kawai. Allah ya ba shi haƙuri, amma fanka wuta kaɗan take ja. Regiletar ce za ta fara hayaƙi kafin cizal ya taɓa katako.

Masu son a sayar suna da hujja, ba mu raina ta ba. Sun ce kuɗin makaranta bai kai ba, ga rufin aji na yoyo, ga wuta ba kullum ba. Gaskiya ne. Sai dai 'yan gwangwan da kilo suke saye, abin da za su bayar ba zai rufe aji ko ɗaya ba, kuma da wuya a sake kawo mana wani. Ku tambayi tsofaffin malamai labarin tsarin 6-3-3-4 da aka soma a 1982. Gwamnati ta shigo da injinan koyon fasaha daga ƙasashen gabashin Turai, da yawa suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu mai haɗawa. Namu ya tsira daga wannan, an haɗa shi, ya yi aiki, yayyenmu sun koya a kansa.

Kuma a ce an rasa mai gyara a wannan yanki? Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure. Ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Ga masu naɗin koyil da masu gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ɗalibin da ya taso daga Roni ko Gwiwa yana burin shiga waɗannan makarantu, bai kamata ya isa can bai taɓa ganin cikin moto ba sai a zanen allo.

Saboda haka roƙonmu bai tsaya ga a gyara ba. A gyara a gabanmu. Kada a ɗauke shi a kai gari a dawo da shi a rufe. A gayyato mai gyaran ranar darasin sana'a, ya cire filogi muna gani, ya nuna mana dalilin da ya sa ba a taɓa kafasita da hannu ko bayan an kashe wuta, ya auna da mita, ya faɗi abin da ya samu. Mu kuma mu rubuta, mu liƙa a wannan allo.

Ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin share ɗakin da ɗinka wa injin marufi. Muna roƙon Shugaban Makaranta ya sa maganar a zaman iyaye da malamai mai zuwa, kafin mai kilo ya iso da kurarsa.