Bindigar Ƙusa Ba Ta Haɗa Hanya Da Tukunyar Gas

Bindigar ƙusa, wadda ke harba ƙusa cikin katako da ƙarfin iska, ta fara samun wurin zama a shagunan kafintoci da wuraren yin kujeru da rufin gidaje. 'Yan ci-rani da ke dawowa daga Najeriya, Abijan da Libiya suna zuwa da irin waɗannan kayan aiki, kuma matasan Madawa, Buza da Keita sun ga saurinsu. Muna maraba da duk abin da zai rage wa mai sana'a wahala. Sai dai akwai haɗarin da ya wajaba a yi maganarsa tun kafin a yi rashi.

An ƙera bindigar ne don ta yi aiki da iskar kwamfuresa, mai matsin bar 5 zuwa 8. Kwamfuresa kuwa sai da lantarki ko fetur, kuma kowa ya san halin da wuta ke ciki, musamman tun katsewar layin Najeriya a watan Agustan 2023. Idan wuta ta ɗauke, mai kaya na tsaye yana jira, ga tulun iskar mai walda a shagon maƙwabci, zuciya na iya raya wa yaro cewa ya ja tiyo ya haɗa, ai iska iska ce. Nan ne ajali yake.

Tulun iskar oksijin na masu walda yana ɗauke da matsin bar 150 zuwa 200, kimanin ninki ashirin na abin da bindigar za ta jure. Ko an sa masa abin rage matsi, haɗarin bai kau ba. Kowane kafinta yana ɗiga mai a bakin bindigar kafin ya fara aiki, kuma mai ko giris idan ya gamu da oksijin mai matsi yana iya kamawa da kansa, ba ashana ba tartsatsi. Sai ƙarfen ya tarwatse a hannun mai riƙe da shi, dab da fuskarsa.

Tukunyar gas ta girki, wadda ta yawaita a gidajenmu tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, ita ma ba ta da gurbi a nan. Duk harbi ɗaya bindigar tana fesar da iskar da ta yi amfani da ita. A shagon da ke cike da garin katako, soso da fenti, tartsatsi ɗaya ya isa. Tulun iskar kabon kuwa matsinsa ya wuce bar 50, kuma yana hauhawa da zafi, a yankin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Shi ya sa kamfanonin da ke ƙera bindigar suke hana haɗa ta da waɗannan tuluna a takardar bayaninsu. Matsalar ita ce kayan hannu ba sa zuwa da takarda, wadda ta zo kuma da Turanci ko Faransanci take.

Ko da iskar da ta dace, bindigar ba abin wasa ba ce. A Amurka, hukumomin lafiya sun ƙiyasta cewa kimanin mutum 37,000 ne ake kaiwa sashen gaggawa a shekara saboda rauninta. Mu kuwa wanda ƙusa ta shiga idonsa a ƙauyen Buza ko Keita, tafiyar asibitin Tawa ko Galmi ke gabansa.

Don haka muna kira ga iyayen gida na sana'a su kafa doka a shagunansu: iskar kwamfuresa kawai, gilashin kare ido a fuska, a cire tiyo kafin a zaro ƙusar da ta maƙale. In babu wuta, a koma ga guduma. Masu walda da masu sayar da gas kada su ba da aron tulu don wannan aiki. Cibiyoyin koyar da sana'a su sa darasin cikin karatunsu, gidajen rediyon karkara su yaɗa shi da Hausa da Tamashek, hukumomin gundumomin uku kuma su zaga shaguna su duba.

Araha ba ta ado. Kuɗin fetur na kwamfuresa bai kai darajar hannu ko idon yaron da iyayensa suka damƙa amana ba.