Kada A Hukunta Wasiƙa Saboda Harshenta

Manhajar SpamAssassin, wadda ta fito a 2001, tana tace wasiƙun banza daga akwatin imel. Takan ba mai kula da ita damar zaɓen harsunan da ya amince da su, sauran kuwa su zama abin zargi.

A ofisoshin Ƙaramar Hukumar Bagudo wannan ganganci ne. Takardar hukuma daga Segbana ta Jamhuriyar Benin da Faransanci za ta zo. Koken manomin Matsinkai kuwa da Hausa, wadda ba ta cikin jerin harsunan da manhajar ke ganewa, alhali Swahili na ciki. Macuta da yawa kuma da Turanci suke rubutu.

Lalle ne hukumomi su riƙa duba mafitar wasiƙa da abin da ta ƙunsa, su ƙyale harshenta.