Fetur ko Dizal: Wace Jif Ta Dace da Magidanci a Rikoto?

Duk magidancin da ya tara kuɗi don ya sayi jif da zai riƙa ɗaukar iyalinsa a Rikoto, ba zai rasa mai ba shi shawara ba, kuma galibi shawarar guda ce: ya sayi mai shan dizal, wanda ake kira gas, don ita ce mai ƙarfi, ga ta da tsimin mai. Masu wannan magana suna nuni da manyan motocin da ke lodin dawa da masara daga ƙasar Zuru zuwa Kontagora, su ce ai babu mai shan fetur a cikinsu. Maganarsu tana da tushe a kimiyya, sai dai buƙatar tirela daban, ta mai kai yara makaranta daban.

Injin fetur mai bugu huɗu, wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala a 1876, yakan gauraya mai da iska, fistin ya matse su kamar ninki 10, sa'an nan fulogi ya ƙyasta wuta. Shi kuwa injin da Rudolf Diesel ya yi nasarar tayarwa a 1897 ba ya buƙatar fulogi don ya kama. Iska zalla yake matsewa, ninki 15 zuwa 20, har zafinta ya wuce digiri 500, ana fesa mai a cikinta sai ya kama da kansa. Wannan matsi mai tsanani shi ne asirin tsimin dizal, domin gwargwadon yadda aka matse iska, gwargwadon yadda zafin ƙonuwa yake komawa aiki maimakon ya bi salansa ya salwanta. Bugu da ƙari, litar dizal ta fi litar fetur nauyi, kuma ta fi ta makamashi da kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Shi ya sa injin dizal yake jan kaya a hawan dutse ba tare da an taka shi ƙwarai ba, abin da duk mai bin tuddan Zuru da damina zai yaba.

To amma tsimin lita ba shi ne tsimin aljihu ba. A ɗauka, alal misali, jif mai fetur tana shan lita 12 a kilomita 100, takwararta mai dizal kuma lita 9. Ke nan da zarar farashin dizal ya ɗara na fetur da sulusi, ribar ta ƙare. An ga haka ƙuru-ƙuru a 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya sa litar dizal ta kai Naira 800, alhali fetur, saboda tallafin gwamnati, bai kai Naira 200 a farashin hukuma ba. A wannan lissafi mai dizal yana biyan Naira 7,200 a kilomita 100, mai fetur kuwa bai kai 2,400 ba. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin ranar 29 ga Mayu, 2023, kuma matatar Ɗangote ta fara fitar da dizal da fetur a 2024, tazarar ta ragu ainun. Darasin waɗannan shekaru shi ne cewa farashin mai a Nijeriya yana bin siyasa da darajar Naira, mota kuwa ana sayenta ne don shekara goma.

Ko da an ce farashin ya zo ɗaya, sai a tambayi nisan tafiya. Motar iyali da ke zirga-zirga tsakanin gida, makaranta, kasuwa da asibiti, tare da zuwa Birnin Kebbi ta hanyar Mahuta da Koko jefi-jefi, da wuya ta wuce kilomita 10,000 a shekara. A misalin da ya gabata, abin da za a tsimar lita 300 ne kacal. Gyaran famfon mai sau ɗaya na iya lashe wannan riba har ya nemi ƙari.

A nan ne gizo ke saƙar, domin dizal ɗin da dattawa suka sani ba shi ne ake shigowa da shi yanzu ba. Tsohon injin, irin na Land Cruiser ta da, famfonsa na ƙarfe ne tsantsa, yana jure mai marar kyau, kuma bakanike mai sifana da basira yana iya kwance shi a gindin bishiya. Na zamani kuwa kwamfuta ce ke sarrafa shi, tana tura mai da matsin da ya kai ninki 2,000 na iskar duniya, ta cikin nozul mai ƙofofi sirara kamar gashin kai. Ɗigon ruwa, ko ƙura, ko kananzir da aka gauraya a jarka a bakin hanya, ya isa ya cinye waɗannan sassa. Kuma wanda ya taɓa neman mai a ƙauyukan da ke tsakanin Ribah da Wasagu ya san cewa ba kullum ake samun zaɓi ba.

Akwai kuma batun farar wuta da ke cikin mai. Tun 2009 Turai ta taƙaita ta ga kashi 10 cikin miliyan, a lokacin da Nijeriya take yarda da har kashi 3,000, lamarin da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fallasa a rahotonta na 2016. ECOWAS ta amince da kashi 50 a 2020. Motocin dizal da aka ƙera don Turai daga wajen 2009 suna ɗauke da matatar hayaƙi a salansa, wadda ke tare baƙin toka, kuma ba ta wanke kanta sai mota ta yi doguwar tafiya ta yi zafi sosai. Gajeriyar tafiya daga Rikoto zuwa cikin gari ba ta isa ba, sai matatar ta toshe, mota ta rage gudu. Abin da aka saba yi shi ne a fasa ta a yar. Daga nan tokar sai ta koma huhun yaran da ake saukewa a ƙofar gida, ga shi kuwa tun 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji.

Sai maganar mai gyara, wadda masu sayen mota suka fi mantawa da ita alhali ita ce gaba. Yawancin jif da ke yawo a Arewa, irin su Highlander da RAV4 da Pathfinder, kwancen Amurka ne, kuma kusan dukkansu fetur suke sha. Don haka hannun kanikawa ya faɗa a kansu, kayan gyaransu kuma suna kusa. Mai dizal na zamani da nozul ɗinsa ya lalace, sau da yawa sai ya nemi inda ake da na'urar gwaji a manyan birane kamar Kaduna ko Kano, motar tana ajiye. A zamanin da matsalar tsaro ta addabi wasu hanyoyin masarautar Zuru, motar da za ta mutu da mata da yara gab da magariba, a rasa mai tayar da ita, ba ƙaramin haɗari ba ce.

Saboda haka, ga magidancin da motarsa ta iyali ce, fetur ya fi dacewa, musamman injin mai silinda huɗu ko shida wanda ba shi da tabo, domin ƙarancin sassa ƙarancin lalacewa ne. Dizal na wanda ke cin dogon zango ne kowane mako, ko mai ɗora buhuna daga gona, ko mai jan tirela. Shi ma gara ya nemi irin wadda aka ƙera don kasuwar Afirka, marar matatar hayaƙi, mai kofin raba ruwa da mai a ƙarƙashin filta, ya riƙa tsiyaye shi, ya kuma lazimci gidan mai guda da ya amince da shi. Kafin ya biya kuɗi, ya tafi da bakanikensa a tayar da motar da sanyin safiya, injin bai ɗumama ba, a duba ko tana jinkirin tashi da kuma launin hayaƙin da take fitarwa.