Sabon Dillali Ya Shigo Kasuwa, Amma Ba Ya Jin Maganar Baki

Wata ranar Juma'a, bayan an sauko daga Masallacin Gwallaga da ke cikin garin Bauchi, na haɗu da wani baƙo da ya taso daga Legas a kan hanyarsa ta zuwa Yankari. Ya ce ya daɗe yana jin labarin masar Bauchi, kuma ba ya so ya wuce bai ɗanɗana ba. Maimakon ya tambaye ni, ni da ke tsaye a gabansa, sai ya zaro wayarsa ya tambaye ta. Wayar kuwa ba ta yi nauyin baki ba. Nan take ta ambata masa gidajen abinci biyu ko uku, duk nesa da unguwar, alhali kuwa taku kaɗan daga inda muke akwai wata baiwar Allah da ta shekara da shekaru a bakin tanda, wadda masu jiran masarta kan kai har bakin titi. Sunanta bai fito ba, domin duk yabon da ake yi mata da baki ake yin sa, babu wanda ya taɓa rubutawa.

Wannan ƙaramin al'amari ne, amma ya kamata 'yan kasuwarmu su tsaya su dube shi da idon basira.

Kamar yadda kowa ya sani, cinikin Bahaushe tun fil azal a kan shaida ya ginu. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su da takardar yarjejeniya da kowa. Mai masauki ne ke saukar da su, ya adana musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya kuma tsaya musu a kan wanda za a bai wa bashi da wanda ba za a ba shi ba. Haka aka yi cinikin shanu da goro a Sabon Ibadan shekaru aru-aru. Baƙo bai san kowa ba, amma ya san wanda zai tambaya, shi kuma wanda ake tambayar ya san halin kowa domin yana zaune cikin mutane yana jin abin da ake faɗa. To, abin da ya faru a zamaninmu shi ne wannan matsayi na wanda ake tambaya ya fara komawa hannun na'ura.

A ƙarshen watan Nuwamba na 2022 ne kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira wadda ake yi wa tambaya ta ba da amsa kamar mutum. A watan Afrilu na 2024 kamfanin Meta ya shigar da irin tasa manhajar cikin WhatsApp a wasu ƙasashe, ciki har da Nijeriya da Ghana. A watan Mayu na wannan shekarar kuma Google ya fara ɗora taƙaitacciyar amsa ta na'ura a saman sakamakon bincikensa a Amurka, daga baya ya faɗaɗa zuwa ƙasashe da dama. Bambancin da ke tsakanin da da yanzu ba ƙarami ba ne. A da, mai bincike yakan ga jerin sunaye masu yawa ya zaɓa da kansa, har wanda ke can ƙasa yana iya samun rabo. Yanzu kuwa amsa guda ake ba shi, mai ɗauke da sunaye biyu ko uku. Wanda bai shiga ciki ba, a wurin wannan baƙon kamar bai buɗe shago ba ne.

Daga ina na'urar take samo waɗannan sunaye? Ba duba take yi ba. An horar da ita ne da ɗimbin rubuce-rubucen da ke intanet, sa'an nan idan aka yi mata tambaya irin ta baƙona, sau da yawa takan sake lalubawa cikin abin da ke rubuce a fili, ta tattara, ta taƙaita. Sunan da ta riƙa cin karo da shi a wurare daban-daban, tare da sana'a ɗaya da unguwa ɗaya, kuma daga bakin mutanen da ba mai shagon ba, shi ne ya fi kusa da fitowa. Wato dai ita ma shaida take bi kamar mai masaukin da, sai dai kurma ce: abin da aka rubuta kaɗai take sani.

A nan ne gizo ke saƙar. Mafi yawan tallar da ɗan kasuwar Arewa yake yi a yau ba ta isa kunnen wannan dillali. Saƙon murya da ake tura wa abokan ciniki ta WhatsApp a rufe yake tsakanin mai aikawa da mai karɓa, manhajar bincike ba ta ganinsa. Hoton kaya da ake ɗorawa a matsayin sitatus yakan ɓace bayan awa 24. Sanarwar da aka biya kuɗi aka yi a gidan rediyon jiha ko a Globe FM tana da amfaninta, kuma ba na cikin masu raina rediyo a ƙasar da ake kwana ana tashi da shi, amma da an gama karanta ta shi ke nan ta bi iska. Hirar majalisa da ta teburin mai shayi, inda a gaskiya ake ɗaga sunan tela ko a kayar da na makaniki, ita ma ba ta barin sawu. Saboda haka ana iya samun mai shago a Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal wanda duk Bauchi ta san amanarsa, amma na'ura ba ta san da zamansa ba.

Wani zai ce, ina ruwan mai sayar da masa da baƙon Legas, tun da maƙwabtanta sun ishe ta? Gaskiya ne, ita kam ba ta yi asarar komai ba, kuma wanda cinikinsa bai wuce layinsu ba yana iya yin barcinsa. Waɗanda abin ya shafa su ne masu masaukin baƙi, da dilolin riɗi da waken suya da masara, da masu injin casar shinkafa, da masu ɗinkin manyan kaya, da masu makarantu masu zaman kansu, da duk wanda yake jiran mai saye daga Fatakwal ko Kwatano ko Yamai wanda bai taɓa ganinsa ba. Irin wannan mai sayen, musamman in matashi ne, wayarsa zai fara tambaya.

Maganin bai kai tsadar da ake zato ba. A fara da suna: ya zama guda ɗaya, rubutu iri ɗaya, a kan allon shago da rasit da takardar rajistar hukumar CAC da duk inda aka sa shi a intanet. Wanda ya rubuta Gwallaga yau, gobe ya rubuta Gwalaga, jibi ya canza lambar waya bai gyara ba, ya raba shaidarsa gida uku da hannunsa. A sa shago a taswirar Google, abin da ba a biyan ko kwabo a kansa, tare da lokacin buɗewa da rufewa. A bayyana abin da ake sayarwa da kalmomin da masu saye ke amfani da su, da Hausa da kuma Turanci. Abin da mutumin Bauchi ke kira masa, Bakano waina yake ce masa, kuma mai hikima zai rubuta duka biyun. Uwa uba, idan abokin ciniki ya ji daɗin hulɗa ya yi godiya, a roƙe shi ya rubuta abin da ya gani da kalmominsa a inda jama'a za su karanta. Mu mutane ne masu kunyar roƙon yabo, amma wannan ba bambaɗanci ba ne, neman shaida ne daga wanda ya gani da idonsa.

Sai dai akwai wata ɓarna da tuni ta kunno kai, kuma dole a faɗe ta. Wasu matasa sun fara zagayawa suna yi wa 'yan kasuwa alkawarin cewa in an biya su za su sa na'ura ta riƙa ambaton sunan mutum. Babu wanda ke da ikon ba da wannan tabbaci, domin kamfanonin da suka mallaki manhajojin suna sauya tsarinsu a kai a kai ba tare da shawartar kowa ba. Abin da irin waɗannan kan yi shi ne su ƙirƙiro mutanen ƙarya su yi ta zuba yabon kayan da ba su taɓa saya ba. Wannan shaidar zur ce, ko da kuwa da yatsa aka rubuta ta. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da haramta najashi, wato mutum ya tsaya yana taya kaya ba da niyyar saye ba sai don ya ruɗi na kusa da shi, kuma ban ga abin da ya raba wancan da wannan ba. Hukumomin duniya ma sun farga. A 2024 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta kafa ƙa'idar da ta hana saye da sayar da shaidar ƙarya a kan kaya, Birtaniya kuma ta fara aiki da irin wannan hani a watan Afrilu na 2025. A nan gida, dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON a madadin APCON ta shigar da tallar intanet ƙarƙashin kulawarta, ga kuma hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka cewa na'urar ba ta kuskure. A makonnin farko na sabon tsarin Google a 2024 ta taɓa ba mutane shawarar su zuba gam a cikin abinci, saboda ta tsinci wata raha da wani ya rubuta ta ɗauka da gaske. Wadda ta yi haka da Turanci, harshen da ta fi ƙwarewa a kai, me ake tsammani daga gare ta a Hausa, inda rubutun da ke intanet bai taka kara ya karya ba? Don haka yana da kyau ɗan kasuwa ya riƙa tambayar ta game da shagonsa lokaci-lokaci, ya ji abin da take faɗa wa mutane a bayan idonsa, ko ta ba da tsohon adireshi, ko ta haɗa shi da wani mai irin sunansa.

Aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya kuwa na ƙungiyoyi ne. Shugabannin 'yan kasuwar Wunti da Muda Lawal da Babbar Kasuwa, tare da Cibiyar Ciniki da Masana'antu ta Jihar Bauchi, sun san mambobinsu layi-layi, sun san wanda ya daɗe da wanda ya zo jiya. Da za su tattara sunaye da sana'o'i da lambobin shaguna su wallafa a fili da Hausa da Turanci, su kuma riƙa sabunta shi duk shekara, da an samu shaidar da na'ura za ta iya karantawa, wadda kuma ta fito daga bakin waɗanda suka isa su bayar da ita. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke zaman jiran wurin koyon aiki za su iya kammala kasuwa guda cikin hutu ɗaya.