Kuɗin Haƙa Rami da Ke Hana Ƙauye Samun Intanet

A watan Fabrairun 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi ɓatan dabo, an ga tazarar da ke tsakanin birni da ƙauye ƙiri-ƙiri. Mazaunin Kano ya sha wuya, amma yana iya tura kuɗi ta waya ya auni shinkafa. Manomin da ya kai masara kasuwar ƙauye kuwa sai ya yini a gaban mai POS, ana ɗaga na'ura sama ana neman sabis, har kasuwa ta watse ciniki bai faɗa ba. Da yawa sun karyar da kayansu ga duk wanda ya zo da tsaba a hannu.

A bakin teku intanet ya wadata. Igiyoyin MainOne da Glo-1 da suka iso Legas ta ƙarƙashin ruwa sun fara aiki tun 2010, Equiano ta kamfanin Google ta biyo baya a 2022. Jan aikin shi ne ɗauko shi daga can zuwa Gummi ko Ningi, kuma sai an haƙa rami an binne wayar fayiba, mita bayan mita.

A nan gwamnatocin jihohi suke tare hanya. Kafin kamfani ya sa diga a gefen titi, sai ya biya kuɗin izinin haƙa. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke cikinta, ta amince da naira 145 a kowace mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. Sai a 2020 Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145, Kaduna kuma ta yafe kuɗin gaba ɗaya. Lissafin a fili yake: kilomita 50 a farashin 4,500 naira miliyan 225 ne, a farashin 145 kuwa miliyan bakwai da ɗoriya. Kamfanin da aka ɗora wa na farko zai dubi ƙauye mai gidaje ɗari uku, ya ƙiyasta datar da za su saya a wata, ya juya ya koma birni.

Arewa ta fi kowa cutuwa da wannan haraji, domin ƙasarta faɗi gare ta, garuruwanta kuma nesa da juna. Jihar Neja kaɗai ta ninka Legas fiye da sau goma sha biyar a girman ƙasa. Duk kuɗin da ake auna shi da mita, mai nisa ne yake ɗaukar nauyinsa.

Gwamna zai ce yana neman kuɗin shiga, kuma gaskiya ne jihohi na cikin matsi. Sai dai kuɗin izini sau ɗaya ake karɓarsa, asarar rashin sabis kuwa kullum ake yin ta. Tun 2015 JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta zalla, ga shi har yanzu akwai ɗalibin da ranar jarrabawar ce ranar farko da zai taɓa madannai. Wannan abin takaici ne, kuma babu harajin da zai biya shi.

Bayan rami akwai wuta. Yawancin ƙarafunan sabis da dizal suke aiki, shi ya sa ya kamata asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta tanada domin yankunan da kamfanoni ke gudu, ya fi karkata ga ƙarafuna masu aiki da sola. Intanet ɗin tauraron ɗan adam na Starlink ya shigo Najeriya a Janairun 2023, amma farashinsa ya fi ƙarfin manomi, sai dai makaranta ko asibitin ƙauye.

Shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi burin kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin 100 na jama'a, wa'adin ya cika ana kewayen rabi. Yanzu Gwamnatin Tarayya na shirin shimfiɗa fayiba mai tsawon kilomita 90,000, kuma kowace mita a cikin wata jiha za ta bi. Gwamnonin Arewa da ba su soke kuɗin izini ba ya kamata su soke shi a rubuce, su kuma wajabta wa 'yan kwangilar titi binne bututun waya tun lokacin aiki, domin katafila ta daina tsinke wadda aka riga aka shimfiɗa.