Shirun Masana'anta Ba Ci Gaba Ba Ne

Wanda duk ya san Bompai, Sharaɗa da Challawa tun shekarun 1980 ya san hayaƙin da ke tashi a wuraren nan ya ragu. Amma kada wani ya yi saurin buga ƙirji ya ce mun yi nasarar tsabtace iska. Masaƙu da masana'antu da dama rufewa suka yi, ma'aikatansu suka koma gida hannu rabbana. Injin da ya mutu ba ya hayaƙi, haka kuma ba ya ciyar da iyalin kowa. Saboda haka ne muke cewa lokaci ya yi da za a fito da ma'auni na gaskiya.

Alkawura dai an sha yin su. A 2021 Nijeriya ta sanar da duniya cewa kafin 2030 za ta rage hayaƙi mai ɗumama duniya da kashi 20 cikin 100 da ƙarfin kanta, ko kashi 47 idan ta sami taimakon waje. A watan Nuwamba na wannan shekara, a taron Glasgow, Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗibar wa ƙasar 2060 a matsayin shekarar da hayaƙin da muke fitarwa ba zai wuce wanda ake shanyewa ba. Akwai kuma tsohon burin nan na samun megawat 30,000 kafin 2030, kashi 30 daga rana, ruwa da iska. Duk madalla. Amma alkawarin da ba a auna shi, cinikin biri a sama ne.

Me za a auna? A ganinmu abu uku ne.

Na farko, man dizal. Kowace lita ɗaya da janareta ya sha tana sakin kusan kilo 2.7 na iskar kabon, wato durom mai lita 200 ya haura rabin tan. Mitar KEDCO ba ta ganin wannan. A Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace, yawancin Arewa ta yi kwanaki cikin duhu, mai hali ya koma kan janareta, marar hali ya rufe ƙofa. Wanda ya duba takardar kuɗin wuta kaɗai zai ce an yi tsimin makamashi, alhali kuwa asara aka tafka.

Na biyu, a raba makamashin da aka ci da yawan kayan da aka yi. Majemar Challawa ta faɗi wuta da man da ta ci kafin ta jeme fata dubu, mai yin roba a Sharaɗa ya faɗi nasa a kan kowane tan. Idan bana an yi kaya daidai da na bara da mai kaɗan, wannan shi ne ci gaba. Idan kuwa man ya ragu domin an sallami rabin ma'aikata, to, a kira abin da sunansa.

Na uku, wutar da ta fito, ba wadda aka rubuta a allon sanarwa ba. A Janairun 2023 aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 10 a unguwar masana'antu ta Challawa, cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso. Abin yabo ne. Sai dai megawat 10 ƙarfinta ne a tsakiyar rana mai haske. Da dare babu, ƙurar hunturu kuma tana rage ta. Abin da ya kamata a riƙa bugawa kowane wata shi ne yawan wutar da ta bayar da masana'antun da suka samu.

Wani zai ce masu masana'antu na fama da tsadar wuta, musamman tun ƙarin kuɗin rukunin A a Afrilun 2024, ina suka ga sukunin cika takardu? Muna jin kukansu. Amma babu manajan da bai san lita nawa ya saya ba, rasit yana cikin durowarsa. Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 ma ta ɗora wa duk kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama ya naɗa jami'in da zai riƙa kai rahoto kowace shekara. Kuma wanda ke da lissafi a hannu shi zai iya tsayawa gaban gwamnati ko banki ya nuna abin da rashin wuta ke ci masa.

Muna kira ga Gwamnatin Jihar Kano da ƙungiyar masu masana'antu, MAN, su riƙa fitar da wannan lissafi sau ɗaya a shekara, unguwa-unguwa, da Hausa da Turanci, tare da adadin ma'aikatan da ke bakin aiki. Mu ma kada mu tsame kanmu. Ma'ajin kowace majami'a ya buɗe littafin man janareta, domin ranar da za a yi shawarar sayen faranti mai hasken rana, a yi ta bisa lissafi, ba bisa ji-ta-ji-ta ba.

A kasuwar Dawanau ba mai karɓar hatsi sai ya ga an cika mudu a gabansa. Iskar da 'ya'yanmu za su shaƙa da aikin da za su ci abinci da shi ba su gaza hatsi daraja ba. Allah ya ba mu shugabanni masu auna gaskiya, amin.