Gargaɗin Da Ba Kowane Tafinta Ke Ji Ba

Kwamfuta ba ta jin harshen da ɗan Adam yake rubuta mata umarni da shi. Kafin ta aiwatar da abin da aka rubuta a harsuna irin su C da C++, sai wata manhaja ta juya rubutun zuwa lambobin da injin yake ganewa. Wannan manhaja ita ce tafinta, kuma tafintocin suna da yawa. Fitattu daga cikinsu su ne GCC, da Clang, da kuma Visual C++ na kamfanin Microsoft.

Sau da yawa marubucin manhaja yakan so ya bar saƙo ga wanda zai juya rubutunsa a gaba, alal misali cewa wani sashe ya tsufa, ko kuwa ba a jarraba shi a kan wani irin inji ba. Saƙon yakan fito ne a lokacin juyawar, tun kafin a fara aiki da manhajar. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani.

Sai dai ƙa'idar harshen C ta shekarar 1989 ba ta tanadi irin wannan gargaɗi ba. Ta tanadi umarnin #error, wanda yake tsayar da aikin, da kuma #pragma, wanda aka bar wa kowane tafinta ya fahimce shi yadda ya ga dama, ya kuma ƙyale wanda bai gane ba. Saboda haka kowa ya kama gabansa. GCC da Clang suka karɓi #warning, shi kuwa tafintan Microsoft ya daɗe yana ɗaukar wannan kalma a matsayin kuskure, yana amfani da #pragma message. Ba a shigar da #warning cikin ƙa'ida ba sai a C++23 da C23, waɗanda hukumar ISO ta wallafa a 2024, wato shekara 35 bayan ƙa'idar farko.

Wannan ba lamari ne na masana kwamfuta kaɗai ba. Manhajojin da masu nazarin halittu suke dogaro da su wajen kwatanta jerin ƙwayoyin gado, irin su BLAST da SAMtools, da waɗannan harsuna aka rubuta su, kuma akan juya su a kan injina dabam-dabam. Idan gargaɗi ya fito a ɗakin bincike ɗaya, ya ɓace a wani, to mai binciken na biyu zai amince da sakamakon da na farko aka ja masa kunne a kansa.

Wasu na ganin tunda ƙa'ida ta fito, magana ta ƙare. Wannan ra'ayi bai yi la'akari da cewa tsofaffin tafintoci sukan shekara da shekaru a jami'o'i da cibiyoyin bincike ba. Wajibi ne marubuci ya ci gaba da tambayar wane tafinta ne a gabansa. Hanyar ba ta da wuya, domin kowanne yana da alamar da yake bayyana kansa da ita: _MSC_VER ga na Microsoft, __clang__ ga Clang, __GNUC__ ga GCC. Sai dai a lura, Clang ma yakan nuna alamar GCC, don haka shi ya kamata a fara nema. Da taimakon _Pragma, wanda ƙa'idar 1999 ta kawo, ana iya tattara duk wannan a wuri guda, a ba shi suna ɗaya, a riƙa kiransa ko'ina cikin rubutun.

Ya kamata malaman da suke koyar da harshen C su sa ɗalibai su juya aikinsu da tafintoci biyu aƙalla, su tabbatar saƙon ya fito a kowanne, kafin a karɓi aikin.